Yaya Kweza Ke Harba Feshi, Kuma da Gaske Ne Yana Wuce Gudun Haske?

Tambaya: An koya mana cewa duk abin da ya faɗa baƙin rami ya tafi ke nan, ko haske ba ya fitowa. Sai ga shi na ga hoton kweza da wani siririn feshi yana fita daga tsakiyarta, har an ce gudunsa ya ninka na haske. Daga ina yake fitowa, mene ne a cikinsa, me ke sa shi haske, kuma ina dokar Einstein ta shige?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka koya maka yana nan daram. Babu abin da ke ƙetare iyakar baƙin rami ya dawo. A waje ake haɗa feshin, dab da bakin ramin, daga abin da bai kai ga faɗawa ba. Dokar Einstein ma, wadda ta ce babu abin da ke wuce gudun haske, lafiyarta lau, hasali ma da ita ake lissafa wannan gudun da ya ba ka mamaki. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, hoton da na'urorinmu ke ɗauka ya sha bamban da ainihin kamannin feshin. Gudunsa da kusurwar da muke hango shi suna sauya ƙarfin haskensa, da saurin da yake nunawa, har da tsawon lokacin da abubuwa ke ɗauka a cikinsa. Rabin aikin masu wannan fanni warware wannan ruɗin ne.

Mu fara da kwezar kanta, wato tsakiyar galaksi mai nisa da ke fitar da haske mai tsananin ƙarfi. A 1962, Cyril Hazard da abokan aikinsa sun juya babbar na'urar rediyo ta Parkes da ke Ostiraliya suna jiran wata ya gifta ta gaban wani tushen rediyo mai lamba 3C 273. Daga lokacin da siginar ta ɓace da lokacin da ta dawo suka gano ainihin wurinsa, suka kuma ga ashe abu biyu ne kusa da juna. Ɗaya ya faɗa kan wani ɗigon haske mai kama da tauraro, ɗayan kuma kan ƙarshen wani ɗan siririn layi da ya fito daga ɗigon. A 1963 Maarten Schmidt ya karanta hasken ɗigon, ya ga layukan haidurojin sun karkata zuwa ja da 0.158, kuma da yake iya nisan abu iya karkatar, wannan na nufin nisansa ya haura shekarun haske biliyan 2. Wato kwezar farko da aka gane ta zo ne da feshinta tun ranar farko.

Abin da ke haska ta iskar gas ce da ke kewaya wani ƙaton baƙin rami a tsakiyar galaksi, ta zama faifai, tana goga juna tana zafi tana gangarawa ciki. Rana tana mayar da kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na nauyin haidurojin da ta ƙona zuwa makamashi. Faifan baƙin rami yana iya fitar da kashi 6 idan ramin ba ya juyawa, lissafi kuma ya kai shi har kashi 42 idan yana juyawa iyakar juyi. Injin kuwa ƙarami ne in aka kwatanta da aikinsa. Ramin da ya kai nauyin rana biliyan 1, daga tsakiyarsa zuwa iyakarsa kilomita biliyan 3 ne, kusan nisan rana da duniyar Yuranus. Feshin 3C 273 da ake gani ya kai shekarun haske kusan 200,000, ninki biyu na faɗin faifan galaksinmu. Tsawonsa ya ninka girman injin da ya harbo shi kusan sau biliyan guda, kuma bai watse a hanya ba. Duk bayanin da bai amsa wannan ba, bai fara ba.

Zafi kaɗai ba zai yi wannan aiki ba, domin iska mai zafi ko'ina take bazuwa. Maganaɗisu ne ke yi. Iskar da ke cikin faifan ta yi zafin da ƙwayoyin zarra suka rabu da ilektoron ɗinsu, ta zama abin da ake kira filasma, ita kuwa filasma manne take da layukan maganaɗisu, duk inda ta nufa sai ta ja su. Yayin da take gangarawa tana tara su a bakin ramin. Filasmar ta faɗa ciki, layukan su tsaya cunkushe, sun ratsa yankin ramin sama da ƙasa. Baƙin rami mai juyawa kuma yana jan sararin da ke kewaye da shi ya juya tare da shi, babu abin da ke iya tsayawa cik a wurin. Saboda haka gindin layukan na juyawa, can nesa kuma ƙarshensu bai san ana yi ba. Ka ɗauki igiya, wani ya riƙe bakinta, kai kana tufka ɗaya bakin ba ƙaƙƙautawa: murɗin zai riƙa tafiya gaba, yana ɗauke da ƙarfin hannunka. Haka murɗaɗɗen maganaɗisu ke ɗaukar ƙarfin juyin ramin ya bi da shi ta saman ramin da ƙasansa, inda hanya take buɗe.

Roger Penrose ya nuna a 1969 cewa ana iya tatsar makamashi daga juyin baƙin rami, kuma a ramin da ke juyawa iyakar juyi abin da za a iya tatsa ya kai kashi 29 na nauyinsa. Roger Blandford da Roman Znajek ne suka fayyace a 1977 yadda maganaɗisu zai yi tatsar. A 1982 Blandford da David Payne suka kawo hanya ta biyu, inda layukan da suka kafu a faifan ke wurga iskar samansa waje. Ni a ganina ba kishiyoyi ba ne. Ta farko ce ke ba da tsakiya mai tsananin gudu, ta biyu ke ba da iska mai nauyi da ke lulluɓe ta. Abin da ya ƙarfafa ta farkon shi ne lissafin kwamfuta da Tchekhovskoy da Narayan da McKinney suka wallafa a 2011. Sun bar maganaɗisu ya taru har ya fara tare wa iskar hanya, sai makamashin da ke fita ya kai kusan kashi 140 na duk wanda ke cikin nauyin abin da ke faɗawa. Ba za a samu fiye da abin da aka zuba ba sai in akwai wata ajiya, ajiyar kuwa juyin ramin ne.

Don ganin gindin feshi da ido, sai mun ari na maƙwabciya. Galaksin M87 ba kweza ba ce, faifanta na fama da yunwa, amma nisanta shekarun haske miliyan 55 ne kacal, ramin kuma ya kai nauyin rana biliyan 6.5. Tun 1918 Heber Curtis ya lura da wani miƙaƙƙen layin haske a cikinta. Ita ce aka fitar da hoton inuwar raminta a Afrilun 2019, kuma nazarin da ya biyo baya a 2021 ya nuna tsarin maganaɗisun da ke kewaye da shi ya fi dacewa da irin wancan cunkoson da kwamfuta ta hango. A 2023 aka samu hoton da ya haɗa zoben da gindin feshin wuri guda.

Abin da M87 ta koyar game da siffa ya saɓa wa tunanin harsashi da bindiga. Feshin ba ya barin bakin ramin da cikakken gudunsa. Da faɗi yake farawa, gudunsa bai kai ya kawo ba, kusan duk ƙarfinsa yana cikin maganaɗisu, ƙwayoyin da ke ciki 'yan kaɗan ne. Sannu a hankali yake tsukewa yana ƙara gudu, maganaɗisu na miƙa wa ƙwayoyi ƙarfinsa. Keiichi Asada da Masanori Nakamura sun auna faɗinsa a 2012, suka ga yana ci gaba da tsukewa har nisan da ya ninka girman ramin kusan sau 100,000, daga nan ya sake jiki ya fara buɗewa kai tsaye. Wurin sauyin ya zo daidai da inda ikon jan ramin ke ƙarewa, na galaksin ya karɓa. Wannan ya nuna murɗin maganaɗisu kaɗai ba ya iya matse feshi, yana bukatar matsin iskar waje ya jingina da shi. An ga irin wannan sauyin siffa a 3C 273 ma, sai dai ya fi nisa da ramin.

A hotunan rediyo za ka ga wani ɗigo mafi haske a gindin feshi, ana ce masa cibiya. Mutane da yawa na ɗauka shi ne wurin ramin. Blandford da Arieh Königl sun bayyana a 1979 cewa wuri ne kawai inda feshin ya buɗe har hasken rediyo ya samu hanyar fita, ƙasa da nan filasma na haɗiye haskenta. Shaidar ita ce in ka sauya zangon da kake kallo da shi, wato tsawon kaɗawar hasken rediyon, cibiyar sai ta gusa: gajeren zango na leƙa kusa da ramin, dogo na tsayawa nesa. Gaba da cibiya sai dunƙule-dunƙulen haske, wasu na tafiya, wasu tsaye shekara da shekaru. A feshi da dama gefuna sun fi tsakiya haske, alamar cewa gudun tsakiya da na gefe ba ɗaya ba ne. Murɗin ma an ga sawunsa: a 2002 an auna yadda filasmar 3C 273 ke juya hasken da ya ratsa ta, aka ga juyin na sauyawa a jere daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ake tsammani in maganaɗisun a naɗe yake. Igiyar da aka tufka fiye da kima takan lanƙwashe ta yi ƙulli, feshi ma yakan yi haka, kuma wuraren lanƙwasar na cikin inda ake zargin makamashi na zubewa.

Yanzu ga batun wuce gudun haske. Bari mu yi lissafin tare, don shi ne ya fi kowane bayani. Ce wani dunƙule na tafiya da kashi 99 cikin 100 na gudun haske, ya nufo mu, amma ya kauce wa saitinmu da digiri 8. Ya aiko da haske yau, ya yi tafiyar shekara 100, ya sake aikowa. A wannan tsakani ya ci shekarun haske 99. Daga ciki, kusan 98 matsowa ce gare mu, kusan 14 kuma gusawa ce gefe, ita ce kaɗai ke bayyana a hoton sama. Haske na biyu ya taso shekara 100 bayan na farko, amma hanyarsa ta ragu da tafiyar shekara 98. Saboda haka shekara 2 kacal zai iso bayan na farkon. Mu a nan sai mu ga abu ya gusa shekarun haske 14 cikin shekara 2, mu ce gudunsa ya ninka na haske sau 7. Dunƙulen bai taɓa wuce haske ba, bin bayan haskensa yake yi dab da dab, sai ya matse mana shekara 100 cikin 2.

Martin Rees ya hango haka a 1966 yana matashi a Kambirij, kafin kowa ya gani. A 1971 aka gan shi a kwezar 3C 279, ta hanyar haɗa na'urorin rediyo masu nisa da juna su yi aiki kamar guda. A 3C 273 an auna kusan ninki 10. Yau na'urorin rediyo 10 da aka haɗa haka, ana ce musu VLBA, daga Hawai zuwa tsibiran Karebiyan, suna bibiyar ɗaruruwan feshi, kuma mafi sauri ya nuna kusan ninki 50. Amfanin wannan awo shi ne yana ba da ƙasan gudun gaskiya. Akwai lamba da ake kira ma'aunin Lorentz, mai nuna kusancin abu da gudun haske: a kashi 99 tana kusan 7, a kashi 99.5 tana 10, a kashi 99.95 ta haura 30. Saurin da ake gani ba ya wuce wannan lamba, don haka in ka ga ninki 50, ka san ma'aunin bai gaza 50 ba.

Gudun nan yana da wata illa da ta fi wannan girma. Abin da ke tafiya kusa da gudun haske yana tattara haskensa gaba cikin 'yar siririyar kusurwa, kowace ƙwayar haske na isowa da ƙarin ƙarfi, kuma suna isowa a cunkushe. A misalinmu na sama, feshin da ya nufo mu zai fi tagwayensa mai gudu baya haske sau 10,000 zuwa miliyan guda. Shi ya sa a hoton 3C 273 feshi ɗaya ka gani. Biyu ne, ɗayan ya juya mana baya, ko ƙyallinsa ba ma samu. An daɗe ana gardama ko wasu da gaske gefe guda suke harbawa, har 1988 da Robert Laing da Simon Garrington suka nuna cewa gefen da ake ganin feshi kusan kullum shi ne wanda haskensa ya ratsa ƙaramar iska kafin ya iso mu, wato shi ne mafi kusa. Daga nan gardamar ta mutu.

Wannan ne kuma ya sa abu guda yake da sunaye da yawa. Peter Barthel ya kawo hujja a 1989 cewa manyan galaksin rediyo irin Cygnus A kwezoji ne da muke kallo ta gefe, ƙura ta rufe mana tsakiyarsu. In kusurwar ta ragu, mu ga faifan, mu ce kweza. In muna leƙa cikin bakin feshin kai tsaye, hasken feshin ya danne komai, mu ce bileza. Ka kuma lura cewa duk jerin tushen rediyo mafi haske cike yake da waɗanda suka yi sa'ar fuskantar mu. Ga kowane guda mai ma'aunin Lorentz 10 da ke kallonmu, akwai ɗaruruwa irinsa da ke kallon wani wuri.

To me ke ba da hasken? Ilektoron mai tsananin gudu in ya shiga maganaɗisu ba ya iya miƙewa, sai ya riƙa naɗewa jikin layin, duk lanƙwasa kuma yana zubar da haske. Sunansa hasken sinkorotoron, daga na'urar da aka fara ganinsa a ciki a Amurka a 1947. Yana da alamomi biyu: ba shi da layukan sinadarai irin na taurari, kuma kaɗawarsa takan karkata fuska guda maimakon ta warwatsu. Da alama ta biyun Walter Baade ya tabbatar da shi a feshin M87 a 1956. Abin mamaki, can nesa cikin dunƙule-dunƙulen, maganaɗisun ya fi na duniyarmu rauni sau dubbai. Ƙarfin ilektoron ɗin ne ke cike giɓin. Wanda ke ba da hasken eksire (X-ray) a wurin ya fi ƙarfin da LHC, babbar na'urar gwama ƙwayoyi da ke Turai, ke ba furoton, ƙwayar da ke tsakiyar zarra.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Iya ƙarfin ilektoron, iya saurin da yake ƙonewa. Masu ba da rediyo na iya kai miliyoyin shekaru, masu ba da eksire kuwa cikin gomman shekaru ko 'yan ɗaruruwa sun huce. Amma ga shi ana ganin haskensu a nisan dubban ɗaruruwan shekarun haske daga ramin. Ba zai yiwu daga gida suka taho da ƙarfinsu ba, a wurin ake ba su shi. Hanya biyu ake magana a kai. Ɗaya ita ce karo: ɓangare mai sauri ya cim ma mai jinkiri, ko feshin ya daki iskar waje, a samu bangon karo, ƙwayoyi su riƙa kai da komowa ta cikinsa suna ƙara ƙarfi kowane zagaye. Ɗayar ita ce tsinkewar maganaɗisu: layuka masu fuskantar juna su haɗu, su tsinke, su sake ƙulluwa, su saki abin da suka tara nan take, irin abin da ke faruwa a fashewar saman rana. Tauraron ɗan'adam na IXPE, da aka harba a Disambar 2021, ya auna bilezar Markarian 501 ya ga kaɗawar eksirenta ta daidaita da kusan kashi 10, ninki biyu na hasken da ido ke gani, kuma a saitin feshin. Wannan ya dace da karo: masu ƙarfi na ƙonewa dab da bangon inda maganaɗisu ke a tsare, marasa ƙarfi na gangarawa inda ya hargitse. Sai dai ba zan shafa wannan sakamako a kan kowane feshi ba, saboda abin da zan faɗa yanzu.

In ka zana dukkan hasken bileza daga rediyo zuwa gamma, wato haske mafi ƙarfi duka, tudu biyu za ka gani. Na farko sinkorotoron ne, babu jayayya. Na biyu, a eksire da gamma, mafi yawan masana na danganta shi da ilektoron ɗin nan dai, suna dukan ƙwayoyin haske marasa ƙarfi suna cilla su sama. Ilektoron mai ma'aunin Lorentz 1,000 na iya ninka ƙarfin ƙwayar haske sau miliyan. Ƙwayoyin da ake duka na iya zama na feshin kansa, ko na gizagizan iskar da ke kewaye da faifan, ko na ƙurar da ke can baya. A kwezoji masu ƙarfi na wajen ne suka fi yawa, shi ya sa tudu na biyu kan fi na farko tsawo nesa ba kusa ba. A 1991 na'urar EGRET ta tarar da 3C 279 na zuba gamma, a Nuwambar 2010 kuma 3C 454.3 ta zama mafi haske a duk sararin sama a idon Fermi, na'urar hangen gamma, duk da nisanta na biliyoyin shekarun haske.

Rikicin yana wurin sauri. Abu ba ya iya sauya haskensa baki ɗaya da sauri fiye da lokacin da haske zai ɗauka ya ratsa shi. A Yunin 2015 hasken gamma na 3C 279 ya ninka cikin ƙasa da minti 5, alhali ratsa ramin kansa zai ɗauki haske kusan sa'a guda ko fiye. Ko bayan an cire matsewar lokaci da gudu ke jawowa, sai an ɗauka ma'aunin Lorentz ya kai 35 aƙalla, kuma wurin ɗan ƙanƙani ne. A Yunin 2010 na'urar MAGIC da ke tsibiran Kanari ta ga kwezar PKS 1222+216 ta ninka haskenta cikin kusan minti 10, da gamma mai ƙarfin da gizagizan kusa da ramin za su haɗiye da a can aka haife shi. Wato wurin yana nesa, inda feshin ya riga ya yi faɗi, amma kuma ƙarami ne ƙwarai. Bangon karo da ya ratsa faɗin feshi ba zai ba da haka ba. Tsinkewar maganaɗisu kuwa na iya harba 'yan ƙananan dunƙule masu nasu gudun a cikin babban gudun, in ɗaya ya saitu da mu sai mu ga walƙiya. Hukuncina shi ne kusa da ramin, inda maganaɗisu ke da rinjaye, tsinkewa ta fi ƙarfin hujja, can gaba kuma inda ƙwayoyi suka karɓi ƙarfin, karo ne ke aiki.

Can nesa ma tsugune ba ta ƙare ba. Da aka harba Chandra, na'urar hangen eksire, a 1999, an zaɓi kwezar PKS 0637-752 don saita idon na'urar, bisa tunanin ɗigo ce tsaf. Sai ga feshin eksire mai tsawon shekarun haske sama da 300,000 a gefenta, haskensa ya zarce duk abin da ake tsammani. Bayanin da ya karɓu a 2000 da 2001 shi ne ilektoron marasa ƙarfi sosai na dukan tsohon hasken da ya rage daga farkon sararin samaniya, muddin feshin bai rage gudu ba har can. Bayani ne mai kyau, kuma ya yi abin da ake so kowane bayani ya yi: ya yi alkawarin wani adadin gamma da ba ya raguwa. Eileen Meyer da Markos Georganopoulos suka jira lokutan da cibiya ta lafa, suka duba bayanan Fermi, ba su ga adadin ba, a 3C 273 a 2014, sannan a PKS 0637-752 a 2015. A waɗannan biyun an koma ga rukuni na biyu na ilektoron masu ƙarfin gaske. A kwezoji masu nisa sosai kuwa tsohon bayanin na da sauran rai, domin wancan tsohon hasken ya fi yawa a da: a karkatar ja ta 3, yawan makamashinsa ya ninka na yau sau 256.

Game da abin da ke ciki, ilektoron tabbas ne tunda su muke gani. Dole kuma a samu masu cajin da zai daidaita nasu, ko dai fositoron, takwaran ilektoron mai kishiyar caji, ko furoton. Dab da ramin, ƙwayoyin haske masu ƙarfi na karo su haifi ilektoron da fositoron, a hanya kuma feshin na kwasar iskar faifai da ta taurari mai ɗauke da furoton, don haka haɗi ne mai sauyawa da nisa. A 22 ga Satumba 2017 na'urar IceCube da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika ta kama nutirino, wata ƙwaya maras caji mai ratsa kusan komai, mai ƙarfin kusan TeV 290 (TeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne) daga saitin bilezar TXS 0506+056, daidai lokacin da take cikin tashin gamma. Irin wannan nutirino daga karon furoton yake fitowa. Alama ce mai nauyi, amma ƙwaya ɗaya ce, kuma ƙarfin hujjar bai kai matakin da masana ke rufe magana ba.

Duk hasken nan da muka yi ta magana a kai ɗan abin da ya zube a hanya ne. Mafi yawan ƙarfin yana isa ƙarshen tafiya, inda feshin ya daki iskar da ke tsakanin galaksi, ya yi wuri mai zafin haske, ya tumbatsa baya ya cika manyan kumbura biyu. Bernard Fanaroff da Julia Riley sun raba irin waɗannan feshi gida biyu a 1974: masu rauni da ke rage gudu tun cikin galaksi su dushe a hankali, da masu ƙarfi da ke kai gudunsu har ƙarshe, inda kwezoji suke. A tarin galaksin Perseus, Chandra ta ga manyan guraben da irin waɗannan kumbura suka haƙa cikin iska mai zafi, suna hana ta hucewa ta zama taurari. Wani feshi mai gefe biyu da aka sanar a 2024 mai suna Porphyrion ya kai shekarun haske miliyan 23 daga wannan baki zuwa wancan.

Kada ka ɗauka kowace kweza na da wannan. Kusan 1 cikin 10 ce ke da feshi mai ƙarfi. An daɗe ana cewa saurin juyin ramin ne ke raba su, amma akwai ramuka masu saurin juyi da ba su da feshin kirki, don haka hankali ya fi karkata ga yawan maganaɗisun da ramin ya samu tarawa, da kuma yanayin faifan a lokacin. Hujjar na zuwa daga ƙananan ramuka na cikin galaksinmu, masu nauyin rana 10 ko makamancin haka. A 1994 Félix Mirabel da Luis Rodríguez sun ga ɗaya daga cikinsu, GRS 1915+105, yana harba dunƙule masu nuna gudun da ya wuce na haske. Irin waɗannan ramuka na kunna feshi su kashe cikin kwanaki ko makonni yayin da faifansu ke sauya yanayi, alhali juyin ramin bai sauya ba. Ramin kweza ya fi su nauyi sau miliyan 100, lokutansa ma haka suke miƙewa, don haka sauyin da ke ɗaukar mako guda a ƙaramin zai ɗauki kusan shekara miliyan 2 a babban.